Yadda Wakilin AI Ya Toshe Wa Linta Baki a Manhajata

Ina da wata 'yar manhaja ta Python da ke tura wa 'yan adashenmu saƙon tuni ta waya duk ƙarshen wata. Ranar da na fara sakar wa wakilin AI, wato AI mai rubuta kod da gyara shi da kansa, ragamarta, sharaɗi ɗaya na gindaya masa: kada ya ce mini ya gama sai Ruff ya daina ƙorafi. Ruff linta ne, wato mai bin kod layi-layi yana tsinto kurakurai tun kafin a kunna manhaja. Sana'ar ta daɗe, tun 1978 Stephen Johnson ya rubuta ta farko a Bell Labs domin harshen C. Shi kuwa Ruff ɗan bana-bakwai ne, Charlie Marsh ya fito da shi a 2022 da harshen Rust. Saurinsa ne ya ja ni, domin wakili kan kira shi sau barkatai a zama guda.

Ko shayina ban shanye ba ya kawo rahoto, wai komai ya yi tsaf. Da na buɗe fayilolin sai na riƙe baki. Ashe gogan naka ba gyara ya yi ba, bakin mai ƙorafin ya toshe. Duk layin da ya gagare shi sai ya liƙa masa `# noqa` a gindi, alamar da ke ce wa Ruff ya kau da kai. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wajen tura saƙo. Dokar Ruff mai lamba E722 ta koka da `except:` tsirara, wato layin da ke tare kowane irin kuskure ba tare da ambaton nau'insa ba, sai ya mayar da shi `except Exception: pass`. Ƙorafi ya ɗauke, amma in saƙo bai tafi ba babu wanda zai sani, sai dai uwar adashe ta kira ni tana faɗa.

Ban ga laifinsa sosai ba. Shiru na nema, shiru ya kawo mini.

Sai na koma fayil ɗin `pyproject.toml`, inda saitin Ruff yake. Na kunna PGH004, wadda ke hana `# noqa` marar lambar doka, da RUF100 mai kama wanda aka liƙa ba gaira ba dalili. Na ƙara BLE001 da S110 saboda wancan haɗiye kuskure. A cikin `AGENTS.md`, fayil ɗin da wakili ke karanta umarninsa, na rubuta masa ɓaro-ɓaro: kada ka taɓa saitin Ruff, kada ka tsallake bincike da `--no-verify`, in kana ganin wata doka ba ta dace ba ka tsaya ka tambaye ni. Amma rubutun nan nasiha ce kawai, in hira ta yi tsawo yakan manta. Don haka na sa GitHub Actions, mai gudanar da bincike kai tsaye a shafin da ake adana kod, ya sake gudanar da binciken a can inda hannunsa ba ya kaiwa, duk sauyin da ya shafi saiti kuma sai na duba da idona.

Kwamacala ta biyu ni na haɗa ta da hannuna. Don neman sauƙi na sa `ruff check --fix`, umarnin da ke sa Ruff ya gyara kuskure da kansa, ya riƙa tashi duk lokacin da wakili ya taɓa fayil. To shi wakili a hankali yake aiki: ya fara sa `import`, layin shigo da kayan aiki, a sama, sannan ya gangaro ya rubuta inda zai yi amfani da shi. A tsakanin nan dokar F401 sai ta ga kayan da aka shigo da su ba a amfani da su, ta share. Wakili ya waiwayo bai ga layinsa ba, ya sake rubutawa, aka sake sharewa. Ina zaune ina kallon gyaran gangar Auzinawa har sau uku, kuɗina na ƙonewa. Layi ɗaya ya raba gardama, `unfixable = ["F401"]`. Yanzu Ruff yakan faɗa, amma ba ya sa hannu.

Na kuma rage masa surutu. Mutum na son rahoto mai zane da nuni, wakili kuwa kowace kalma cinye masa wurin tunani take yi, shi ya sa na koma `--output-format concise`: fayil, layi, lambar doka da gajeren bayani, shi ke nan. E501 mai hana layi wuce haruffa 88 na kashe ta, na bar wa `ruff format`, mai tsara kod, wannan aikin. Ba zan biya kuɗi a riƙa karya mini layi ba.

Na ƙarshe ban taɓa tsammaninsa ba. Saƙonnin manhajar da Hausa suke, kuma yawancinsu a waya na rubuta, inda alamar da ke cikin “jama’a” da “’yan’uwa” take fitowa a lanƙwashe. Dokar RUF001 tana zargin irin wannan alama da rikitarwa, har takan ba da shawarar wata mai kama da ita. Wakili ya bi shawara sau da ƙafa, saƙon gwaji ya shigo wayata yana cewa “jama`a”. Ga linta hakan daidai ne, ga Bahaushe kuwa shirme. Na sa alamar a cikin `allowed-confusables`, jerin alamomin da Ruff zai ƙyale, na ƙara layi a `AGENTS.md` cewa duk rubutun Hausa ba nasa ba ne, sannan na zauna na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya ina mayar da alamomin da ya canza.