Libarbar kakansu da ta kusa cinye mini jikka 400

Ni mai tara tsofaffin kaya ne, takubba da aninai da makamantansu, amma ban taɓa cinikin bindiga ba sai bara. Wani abokina a unguwar Bagalam, cikin birnin Maraɗi na Nijar, ya ce sun tsinci libarbar kakansu a ƙasan adaka lokacin rabon gado. Tsohon ya yi sojan Faransa. Magada na son jikka 400.

Da aka warware ta daga cikin tsumma sai ƙyalli take, fara fat kamar sabon cokali. Nan take raina ya biya. Allah ya taimake ni na tafi da wani dattijo maƙwabcina, tsohon jandarma.

Bai ko kalli ƙyallin ba. Ya fara buɗe tulun da ake zuba harsashi, ya tabbatar ramukan shida babu komai ciki, sannan ya ce, "Ɗana, ka ga ta ina ya faɗo?" Ta dama. Ya ce ƙirar 1892 ta Faransa ke nan, mai harsashi milimita 8, daga masana'antar makamai ta Saint-Étienne. Yawancin libarba ta hagu suke buɗewa, har da waɗanda Faransa ta sayo daga Sifen lokacin yaƙin duniya na farko, masu cin harsashi iri ɗaya da wannan. Ya nuna mini sunan masana'antar a gefen dama, da harafin S da shekarar 1914 a jikin bututun.

To ta gaske ce. Na fara lissafin kuɗi a zuci.

Sai ya shafa rubutun da babban yatsa ya yi tsaki. Haruffan sun dushe, gefunan ƙarfen da ya kamata su yi kaifi sun yi sulɓi. Ya tambaya wa ya wanke ta. Ƙanen abokina ya amsa da fara'arsa cewa shi ne, kwana biyu yana gurza ta da toka da yashi don ta yi kyan gani. Dattijon ya ce, "Yaro, kuɗinku ka goge." Ashe wannan ƙirar da launi baƙi mai shuɗi-shuɗi take fitowa, kuma masu tara irinta wannan launin na asali suke saye, ko da ya koɗe. Kuma ba abu ce mai wuyar samu ba, an ƙera wajen 350,000 daga 1892 zuwa 1924, don haka lafiyarta ce ke yanka mata farashi, tsufa kaɗai bai isa ba.

Ya sa farar takarda a gindin bututun, ya leƙa ta baki a hasken rana. Tsatsa ta ci cikin kamar zanzana. Tulun ma yana girgiɗi ko an ɗana kunama. Ya ce ko jikka 100 ya yi yawa.

Abin da ya kashe cinikin dai takarda ce. Ni a wautata na ɗauka kayan tarihi ba ruwansu da hukuma. A Nijar bindiga bindiga ce, sai da izinin ma'aikatar cikin gida, balle a jihar da 'yan bindiga suka addabi yankin Madarunfa da Gidan Runji. Magadan ba su da ko guntuwar takarda.

Dattijon ya naɗe ta cikin tsummanta, ya miƙa wa babban wansu, ya ce gobe da safe shi da kansa zai raka shi wajen jandarmomi. Ni kuwa na sayi adakar, jikka 15.