Na haɗa kyamara da taurari a saman benenmu na Kawo

Kyamarar tsohuwa ce, Canon 600D, na saye ta hannun wani mai ɗaukar hoton biki. Daren farko na hau saman bene a watan Disamba, na ɗora ta a kan mai ƙafa uku, na nufi Kaza da 'Ya'yanta, na danna. Abin da ya fito kamar kunun tsamiya ne, ja-ja, babu tauraro ko ɗaya. Ƙurar hunturu ta kwashe hasken fitilun gari ta shimfiɗa shi a sama, ga farin wata tarwai.

Da na sauko ina ƙunƙuni, Hajiya ta dube ni ta ce, "Kai yanzu wata ya kwana goma sha huɗu kake neman taurari? Ka bari ya tsufa mana." Na kwashe mako ina karatu a intanet, ita kuwa a zaune a kan darduma ta ba ni amsa.

Matsala ta biyu saiti. Cikin duhu kyamara ba ta iya nemo abin da za ta kama da kanta, sai lens ya yi ta gaba da baya yana ƙara. Dole ka mayar da shi na hannu, ka faɗaɗa tauraro mai haske a allo, ka riƙa murzawa a hankali har ya tsuke ya zama ɗigo. Daga nan na manna masa salatif, don sau biyu gwiwar hannuna na ɓata shi.

Sai tsawon lokacin da kyamara za ta buɗe tana shan haske. Na bar ta daƙiƙa 30, taurarin suka fito da wutsiya kamar ƙwayar shinkafa, saboda duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa. Don sanin daƙiƙun da ba za su sa wutsiya ba, masu harkar suna raba 500 da tsawon lens. Nawa 18 ne, kuma a irin kyamarata ana ninka shi da 1.6 kafin a raba, ya ba ni kusan daƙiƙa 17. Na tsaya a 15, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 1600, ƙofar haske a buɗe har f/3.5, da jinkirin daƙiƙa biyu kada yatsana ya girgiza ta.

Fita daji da dare ba abin da zan yi ba ne a wannan zamani, don haka na jira a gida. Sai farkon Oktoba na dace: an sha ruwa da la'asar ya wanke sama, wata ya tsufa, kuma aka ɗauke wuta. Ban taɓa murna da ɗauke wuta ba sai ranar. Bayan isha na juya kudu maso yamma, inda manhajar taswirar sama ta Stellarium ta nuna mini tsakiyar Milky Way, wato farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama, na ɗauki hoto ashirin a jere. Ina na goma sha biyu wani ɗan sintiri ya dallare ni da tocila yana tambayar wane ne a sama. Hoto uku suka tafi a banza.

Sauran na haɗa su washegari da Sequator, manhajar da ke tara hotunan taurari su zama guda. Farin zanen ya fito kamar hayaƙi, da baƙin layin ƙura a tsakiyarsa, a saman tankin ruwan maƙwabta. Na kai wa Hajiya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a ƙauyensu ba sai da kyamara ake ganinsa ba.