Neman Kayan Gyara na Asali a Jikin Motar Yake Farawa

Wanda ya shigo sana'ar farfaɗo da tsofaffin motoci yakan zaci wahalar tana wajen walda da fenti. Waɗannan aikin hannu ne, hannu kuwa yana sabawa. Abin da ke cinye watanni shi ne neman ɗan ƙarfen da kamfani ya ɗaura wa wannan motar ranar da ta fito, ba wanda ya yi kama da shi ba. Babban abin da aikin nan ya koya mini shi ne kada in taka kasuwa sai na gama karanta motar da ke gabana.

Shekarar da ke rubuce a takardar mota ba abin dogaro ba ce. Sau da yawa shekarar rajista ce, ba ta ƙira ba, kuma kamfanoni ba sa jiran Janairu kafin su canza abu. Ɗauki Volkswagen Beetle. Har zuwa watan Maris na 1953 gilashin bayanta a rabe yake gida biyu, daga nan ya koma guda ɗaya ɗan ƙarami mai zagaye, sannan a watan Agusta na 1957 aka faɗaɗa shi. Ke nan Beetle biyu da aka ƙera a 1957 za su iya bambanta a gilashi, da robarsa, da ƙarfen da ke kewaye da shi. Wanda ya ce wa dillali "na 1957 nake so" bai faɗi komai ba tukuna.

Lambar shasi ce mai raba gardama. Tsarin nan na lamba mai harufa da alƙaluma 17 sai a 1981 ya kafu, kafin nan kowane kamfani da irin lissafinsa. Tsohon littafin kayan gyara na kamfani zai ce maka wannan famfon mai daga shasi lamba kaza ne zuwa kaza, daga nan wani ne daban. Na ɗauki wannan littafi da muhimmanci fiye da duk wani sifana da ke gareji. Wasu kamfanonin ma sun adana tarihin kowace mota: Mercedes-Benz tana da katin bayanan ƙira, British Motor Industry Heritage Trust da ke Gaydon a Ingila tana ba da takardar shaida ga motocin Birtaniya da dama, haka ma ana samun ta Volkswagen daga Jamus. A ciki za ka ga ranar ƙira, da launin asali, da ƙasar da aka tura motar. Ƙasar ma tana da tasiri, domin motar da aka yi wa Amurka takan bambanta da 'yar'uwarta ta Turai a fitilu da bamba.

Su kansu ƙarafan suna ɗauke da shaidarsu, in dai mutum ya iya karatunta. Lambar kayan Volkswagen alƙaluma tara ce: ukun farko suna nuna samfurin mota, na huɗu yana nuna sashe, 1 na inji ne, 6 na taya da birki, 9 na lantarki, harafin da kan biyo baya kuma yana nuna an yi wa ƙirar kwaskwarima. A wajen Ford, in ka ga lamba ta fara da C5ZZ, C tana nufin shekarun 1960, 5 tana nufin 1965, Z ta farko kuma tana nufin motar Mustang. Lucas kuwa, kamfanin kayan lantarkin mota na Birtaniya, wata da shekara ya riƙa bugawa a jikin dainamo da sitata. Sai ka zauna da kananzir da ɗan buroshi kana goge baƙin mai a hankali, har alƙaluman su fara bayyana ɗaya bayan ɗaya a jikin ƙarfen. In kwanan ya riga na motar da 'yan makonni ko watanni, to da alama da shi ta fito. In ya zo bayanta da shekaru, wani bakanike ne ya canza shi tun tuni, kuma in ka kai shi kasuwa a matsayin samfuri za ka sayo kuskurensa.

Ba kowane abu na asali nake yarda da shi ba, kuma a nan ne nake rabuwa da wasu abokan sana'a. Akwai kayan da kamfani ya yi tun zamanin motar, suka kwana a sito cikin kwalinsu ba a taɓa ɗaura su ba. In ƙarfe ne, ko gilashin fitila, ko tambari, ba ka da kamarsu. In roba ce, labari ya sha bamban. Za ka buɗe kwali ka ga robar birki baƙa wuluk tana sheƙi, ka lanƙwasa ta tsakanin yatsu biyu, sai ƙananan tsaga su buɗe a bayanta. Shekaru sun busar da ita ko da ba ta taɓa ganin titi ba. Tsofaffin takalman birki da faifan kuloci kuma da yawansu da asbestos aka yi su, ƙurarsa kuwa tana illata huhu. Tiyon birki, tiyon mai, taya, duk sababbi nake sakawa, ko me mai motar zai ce. Mutum ne zai zauna a ciki.

Kayan kwaikwayo da ake ƙerawa yanzu akwai nagari, wasu ma da izinin kamfanin ake yin su. Matsalar marasa kyan ita ce sau da yawa daga tsohon da ya riga ya ci aka kwafe su, sai rami ya kauce kaɗan, ko ƙarfen ya fi na asali sirantaka. Noti ma ba a raina shi. Tsofaffin motocin Birtaniya, kamar Land Rover ta farko ta 1948, da notuna masu haƙoran Whitworth da BSF, wato tsohon awon Birtaniya, aka ɗaure su. Notin awon mita zai kama zagaye ɗaya ko biyu, kana matsawa ya cinye haƙoran, ka lalata abin da ya fi notin wuyar samu.

Shi ya sa ba na zubar da komai da aka kwance daga mota, ko ya karye, ko tsatsa ta cinye rabinsa, har sai aiki ya ƙare. Da shi nake auna wanda za a sayo. Da yawa ma in aka duba da kyau ba sa bukatar canji: kafireto ana wanke shi a canza masa gasket, dainamo ana sake naɗa masa waya, lagireto ana canza masa ciki a bar tankunansa na asali. In dole sai an saya daga nesa, nakan nemi hoton lambar, da hoton bayan abin, da ma'auni a gefensa. Dillalin da ya ƙi turo hoton lamba na haƙura da kayansa. Masu zuwa manyan kasuwannin tsofaffin kaya, irin na Hershey a Amurka ko Beaulieu a Ingila, za ka ga gwanayen cikinsu da tsohon ƙarfen a aljihu suke yawo, suna ɗora shi kan na mai sayarwa.

Wani lokaci na asalin ba ya samuwa, sai an ƙera sabo. Ƙungiyar FIVA ta masu tsofaffin motoci, a cikin Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, ta ƙarfafa a riƙa rubuta duk canjin da aka yi wa mota. Ni ma haka nake yi. Kowace mota da littafinta: abin da aka cire, lambar da ke jikinsa, abin da aka saka a madadinsa, inda aka samo shi, da ko na asali ne ko kwaikwayo. Ranar da mai mota ya zo ɗauka, da littafin da kwalin tsofaffin ƙarafan nake miƙa masa tare da makulli.