Abin da aikin shagon kwamfuta ya koya min game da sirrin mutane

Shekarata ta shida kenan a shagon kwamfuta, irin shagon nan da ake taifin da firintin da sikanin da yi wa ɗalibai rajista a intanet, kuma gaskiya a shekaru biyun farko in ka yi min maganar sirri a kwamfuta abin da ke zuwa min a rai shi ne masu kutse, wasu can a ƙasar waje da ba mu san su ba. Ban taɓa kawowa cewa ta hannuna ni da nake zaune kan kujerar nan sirrin mutane zai fi saurin fita ba.

Wani dattijo ne ya farkar da ni. Ya zo fitar da takardar fansho, ɗansa ya turo ta WhatsApp, na sauke ta a babbar kwamfutar shago na buɗe foldar Downloads zan nemo ta, shi kuma yana zaune gefena da sandarsa tsakanin ƙafafu. Lokacin na saita foldar tana nuna hotuna manya-manya don in riƙa gane abu da wuri. Sai ga takardun mutane reras a jere, silif ɗin NIN, fasfo, takardar banki, da wani sakamakon gwajin asibiti da sunan mai shi ɓaro-ɓaro a sama. Baba ya gyara tabarau ya matso ya ce "yaro, wannan ai 'yar maƙwabcina ce." Na yi maza na rufe. Bai ƙara cewa komai a kanta ba, sai da na miƙa masa takardarsa ya biya yana shirin tashi ya ce "ni ma haka za ka ajiye tawa kowa ya gani?" Wallahi ranar ko abincin rana ban iya ci ba. Baiwar Allah ta zo ta biya kuɗin shafi ɗaya ta tafi abinta, ba ta san ta bar ciwonta a shagonmu wata da watanni ba.

Da muka tashi na zauna na goge komai, na zubar da kwandon shara na kwamfutar, na ce shikenan an gama. Bayan kwana biyu mai gyara mana injina ya zo, na ba shi labari, sai kawai ya ciro filash ya sa wata manhaja kyauta wai ita Recuva, ko minti goma ba a yi ba takardun nan suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya har da na asibitin. Shi ya fahimtar da ni cewa in ka goge fayil a tsohon had dis mai juyawa ba wai ya tafi ba ne, sunansa kawai aka cire daga lissafi aka ce wurin ba kowa, amma yana nan kwance har sai wani abu ya hau kansa. Haka fomat na gaggawa ma. Ya koya min wani umarni da ke cikin Windows ɗin kanta, cipher /w, da ke bi ta kan wurin da ba kowa ya rubuce shi, sannan ya ce in za mu sayar da tsohuwar kwamfuta a yi cikakken fomat ba na sauri ba, ko ya ɗau awanni. Tun daga nan duk had dis ɗin da ya mutu ba ma bai wa 'yan gwangwan, akwai durowa mai makulli da muke tara su.

Sai maganar akawun ɗin shiga kwamfuta. A da mu duka, ni da Oga da yaran shago da duk kwastoman da ya ce bari in duba imel ɗina, akawun ɗaya muke shiga kuma na admin ne, ko fasuwod babu. Mutum ya shiga Gmail a Chrome ta tambaye shi ko a ajiye kalmar sirri ya danna eh bai ma karanta ba, wata ta haɗa WhatsApp ɗinta don ta turo hoto ta tafi ba ta cire ba, saƙonninta na ta shigowa a gabanmu. Yanzu akawun biyu ne, na admin mai fasuwod da ni da Oga kaɗai muka sani, da na kwastoma wanda ba ya iya sa manhaja ko leƙa foldarmu, burauza kuma a yanayin baƙo muke buɗe musu don da an rufe tarihin ya tafi, sai dai fa abin da aka sauke yana nan, wannan da hannu ake gogewa. In zan tashi ko sallah ce ko sayen ruwa, maɓallin Windows da L, an kulle. Daƙiƙa ɗaya ce amma sai da na yi wata guda kafin hannuna ya saba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba ma mu muka yi da gangan ba. Da aka sa wa ɗaya injin Windows sabo an shiga da akawun ɗin Microsoft na Oga, to ashe OneDrive, wato ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ta kunna kanta tana kwashe Desktop da Documents da Pictures tana kai wa can, wata rana Oga ya nuna min wayarsa yana tambaya ya aka yi fasfon mutanen da bai sani ba suka cika masa waje. Muka kashe, muka koma akawun na cikin inji kawai. Daga nan ne na fara shiga sashen sirri na saitin ina karantawa layi-layi, na ga a Windows 10 da ta fito a 2015 akwai lambar talla da aka ba kowane mai amfani, akwai wurin da kake, akwai bayanan da injin ke aika wa kamfani, da jerin manhajojin da aka yarda su taɓa kyamara da makirfo. Wasu ana kashe su gaba ɗaya, wasu sai dai ka rage. Shi ya sa da aka sanar da Recall a 2024, wani sabon abu a Windows wanda ke ɗaukar hoton fuskar kwamfuta kowane ɗan lokaci don ka iya nemo abin da ka gani a baya, mutane suka yi ca har kamfanin ya jinkirta ya mayar da shi sai wanda ya so ya kunna, ni dai na fahimci masu ƙorafin sarai, don na san me ke wucewa ta fuskar kwamfutarmu a yini ɗaya.

Akwai abin da har yau muke jayayya da Oga a kai. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi, injinanmu biyu kuma tsofaffi ne ba su da TPM 2.0, wani sashen tsaro na cikin inji da Windows 11 ke nema. Oga ya ce ai suna aiki lafiya, meye na kashe kuɗi. Ina tuna masa WannaCry, bairos ɗin nan mai kulle fayiloli ta watan Mayun 2017 da ta tsayar da asibitoci a Ingila, alhali gyaran ramin da ta bi ya fito tun watan Maris, waɗanda ba su yi abdet ba su ta kama. Na sa Linux Mint a guda ɗaya a madadin Windows, rajista da taifin da firintin duk tana yi, amma CorelDRAW ba ta hawa, kuma da ita muke yin katin biki da kalanda, don haka ɗayar tana nan yadda take, abin da na iya shi ne na cire ta daga intanet. Manhajojin sata kuwa da ke cewa sai ka kashe anti-bairos kafin su shiga, na roƙi Oga mun daina, wanda ya ce ka kori maigadi kafin ya shigo gidanka ai ka san ba alheri ya kawo ba.

A watan Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan mutane a Najeriya, na ji daɗi, amma ni tambayar Baba ce ta riga dokar zuwa wurina. Yanzu duk wanda na gama wa aiki ina juyo masa da fuskar kwamfuta in goge takardarsa a gabansa, in ce ya duba wayarsa ya cire injinmu daga WhatsApp ɗinsa. Wasu suna cewa "Malam bar shi kawai sauri nake," sai in ce Hajiya yi haƙuri minti ɗaya ne. Baba ma ya dawo bara da wata takardar fanshon, ya zauna a kujerar nan dai, na buɗe foldar, tasa ce kaɗai a ciki.