Laraba: kwana biyun da na ce Yaya ya cire

Bayan isha'i.

Tun da hantsi Yaya ya turo jadawalin da wani kamfanin yawon buɗe ido ya ba shi, ya ce in duba kafin ya biya kafin alƙalami. Kwana tara a Kenya cikin Agusta, shi da Anti da yaran uku. Da murna na buɗe, don shekara biyu ke nan ana maganar tafiyar nan.

Kwanakin farko gyara kawai suke so. Daga Kano za su bi Ethiopian ta Addis Ababa su sauka Nairobi. An rubuta musu mota zuwa gandun dajin Masai Mara ta hanyar garin Narok, awa biyar zuwa shida, kuma da an shiga gandun sai ƙura da gargada. Na ce su hau ƙaramin jirgi daga filin jirgin Wilson da ke Nairobi, bai kai awa ɗaya ba, sai dai kilo 15 ne iyakar kayan mutum ɗaya, a jaka mai laushi, manyan akwatuna a bar su a otal. Kuɗin shiga Mara tun 2024 dala 200 ne kowace rana ga babba baƙo daga Yuli zuwa Disamba, don haka a tambaya ko yana cikin farashin. Nan ake yawan samun rigima a bakin ƙofa.

Agusta lokaci ne mai kyau. Shanun dajin nan da Suwahilawa ke kira nyumbu, sama da miliyan ɗaya, suna hawowa daga gandun dajin Serengeti na Tanzaniya su ƙetare kogin Mara tsakanin Yuli da Oktoba, kadoji na dakonsu a ruwa. Amma babu direban da zai iya yi maka alkawarin ganin ƙetarewar. Ana iya yin awa uku a bakin kogi garke ya taru ya juya. Auta mai shekara biyar ba zai jure ba, shi ya sa na ce su ɗauki motar kansu kada a haɗa su da baƙi, in ya gaji a koma masauki. Fita ƙarfe shida na safe, da rigar sanyi mai kauri, don wurin tudu ne. Ba a sauka daga mota sai inda aka keɓe, a yi alwala tun a masauki, matafiyi kuma yana da sauƙin haɗa azahar da la'asar. A gaya wa masu girki tun kafin a iso cewa naman halal ake so. Allurar shawara aƙalla kwana 10 kafin tashi, katin a hannu. Leda kuwa an hana ta a Kenya tun 2017.

Sai na iso rana ta bakwai da ta takwas. Aikin sa-kai a gidan marayu: wasa da yara, koyar da su Turanci, rabon alewa, ɗaukar hoto. Nan raina ya ɓaci. Na kira shi.

"Yaya, don Allah a cire kwana biyun nan."

"Haba! Ai su ne suka sa Antinki ta yarda da tafiyar. So muke yaran su ga waɗanda ba su da shi, su gode wa Allah. Kuma ladan maraya ai kin san shi."

Na san shi, kuma na san niyyarsa tsarkakakkiya ce. Abin da ya hana ni sukuni ke nan duk yinin yau, domin mutanen kirki irinsa ne ke riƙe da wannan kasuwa ba tare da sun sani ba.

Na fara da adadin da ƙungiyoyin kare yara irin su Save the Children suka daɗe suna faɗa: kusan yara takwas cikin goma da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su, ko kuɗin makaranta, ko naƙasa. Inda baƙi ke biyan kuɗi don su ziyarta, gidan yana bukatar yara kamar yadda shago ke bukatar kaya, sai a bi ƙauyuka ana yi wa iyaye alkawarin ilimi ana kwaso 'ya'yansu. Ostireliya ta kira wannan fataucin yara, ta sa shi cikin nau'o'in bautar zamani a 2018, ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka. A Disamban 2019 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi ƙasashe su magance illar aikin sa-kai a gidajen marayu. Ruwanda ta fara rufe nata tun 2012 tana mayar da yara cikin iyalai. Kenya ɗin da za su je ta yi sabuwar Dokar Yara a 2022, da shirin shekara goma zuwa 2032 na mayar da yara hannun dangi da masu riƙo.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To amma in gidan na gaskiya ne fa? Wace illa wasan kwana biyu zai yi?"

Wannan ita ce tambayar da ta fi wuyar amsawa, don illar ba ta fitowa a hoto. Yaron da ya rugo ya rungume baƙon da bai taɓa gani ba, baƙon yana jin daɗi, yana cewa yaran akwai fara'a. Masana tarbiyyar yara kuwa alamar ciwo suke gani, ta yaron da bai samu mutum ɗaya tsayayye da zai shaƙu da shi ba. Dubi Auta, in baƙo ya shigo bayan zanin Anti yake ɓuya, lafiyar ke nan. Yaron can yau ya shaƙu da Anti, jibi ta tafi, mako mai zuwa wata ta zo ta tafi, haka shekara da shekaru. Karatunsa ma yana tsayawa duk ranar da motar baƙi ta tsaya a ƙofa. Na tambayi Yaya ko kamfanin ya nemi takardar shaidar 'yan sanda daga wurinsa. Ya ce a'a. Na ce to duk wanda ya biya haka zai shiga wurin yaran, har da wanda ba alheri ya kawo shi ba.

Hadisin da yake nufi, wanda Manzon Allah (SAW) ya haɗa yatsu biyu, a kan mai ɗaukar nauyin maraya ya zo. Ɗaukar nauyi kuwa ci ne da sha da sutura da makaranta har yaro ya kawo ƙarfi. Mu da muka tashi muka tarar da riƙo, ɗan marigayi yana girma a ɗakin gwaggo ko kawu, mun fi kowa sanin wannan. Na ce kuɗin kwana biyun a ba ƙungiyar da ke tallafa wa uwa ta riƙe ɗanta a gida, ko a biya wa marayun layinmu kuɗin makaranta duk zango, yaransa su riƙa kai wa da hannunsu suna gaishe da uwar.

Kwana biyun kuma na cike su. Gidan renon marayun giwaye na Sheldrick a gefen gandun dajin Nairobi, ƙarfe 11 zuwa 12 na rana kawai, sai an kama wuri tun da wuri. Daga nan wurin raƙuman dawa na Langata, yara su ba su abinci da hannu. Washegari Juma'a a masallacin Jamia.

"Bari in yi magana da Antinki," ya ce. Muryarsa ba daɗi.

Hajiya ta aiko da dambu. Wuta ta dawo wajen tara. Na tura masa sabon jadawalin, ya buɗe, bai ce komai ba har yanzu. Fasfon Auta saura wata huɗu ya ƙare, ana kuma bukatar wata shida, gobe da sassafe zan tuna wa Anti.