Ci da sha mai rahusa a bakin tekun Legas lokacin damina

Daminar Legas tana kama jiki ne daga watan Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba. A waɗannan watanni bakin teku yana raguwa da mutane, musamman daga Litinin zuwa Alhamis, kuma masu rumfa da masu gashi sun fi sauraron ciniki fiye da lokacin Disamba da kowa ke cika baki. Wanda ke zaune a Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Alaba Rago, yana son ya kai iyali su sha iska ba tare da aljihu ya yi kuka ba, wannan ne lokacinsa. Sai dai rahusar tana da sharaɗi: yawancin abin da za a ci a sha, a saye shi tun kafin a isa ƙofar shiga, sauran kuma a ci shi da zafinsa daga kan wuta.

Dalili shi ne yadda ake karɓar kuɗi a wuraren. Tsohon Bar Beach da kowa ke shiga kyauta ya tafi, an cike wurin an gina sabon birnin Eko Atlantic a kansa. Waɗanda suka rage a ɓangaren Lekki, irin su Elegushi, Oniru, Alpha, Atican da Eleko, kusan duk sai an biya kuɗin shiga, a biya na ajiye mota, sannan kujera da rumfa su ma da nasu kuɗin daban. Wasu wuraren suna cajin mutum idan ya shigo da kularsa ta abinci ko abin sha, wasu ma ba sa yarda a shiga da komai. Saboda haka tambaya ta farko a ƙofa, kafin a miƙa ko sisi, ita ce: "Nawa ne in na shiga da kulata?" A haɗa wannan da kuɗin shiga a lissafa. Idan iyali sun kai mutum biyar ko shida, biyan kuɗin kula kusan kullum ya fi sayen abinci a ciki sauƙi. Idan mutum biyu ne kawai, sau da yawa bai cancanci wahalar ba. A ci a ƙoshi a gida ko wajen mai shayi, a je can a sayi abin taɓa baki.

Rumfa kuwa a damina ba abin ƙawa ba ce, kada a yi rowarta. Amma a duba ta kafin a biya: rufin tamfol da ya lotsa a tsakiya yana tara ruwa, kuma iska ɗaya za ta juye shi kan abinci. A zaɓi wadda ke can baya, nesa da inda ruwa ya bar alamar shara a kan yashi, domin teku yana tumbatsa a waɗannan watanni. Ambaliyar da ta afka wa bakin ruwan Kuramo a watan Agusta na 2012 ta ci rayuka, kuma a tsakiyar damina ta faru.

Ruwan sha ne inda aka fi yin asara, ta kuɗi da ta lafiya. Jakar fiya wata tana da leda 20, kowace rabin lita. A sayi jaka ɗaya a unguwa, a jefa leda 10 a firiza tun daren jiya su daskare. Su ne ƙanƙarar kula, kuma in sun narke su ne ruwan sha mai sanyi da yamma. Wannan ya fi sayen ƙanƙarar da ake fasawa a bakin teku, wadda ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, ba a san kan me aka jawo ta ba. Idan dole sai an saye ta, a sa ta a gefen kwalba ta sanyaya daga waje, kada a jefa ta cikin kofi. Lokacin ruwan sama kwatoci suna cika su malala, ruwan datti ya shiga rijiyoyi da fasassun famfo, shi ya sa amai da gudawa suke yawa a wannan lokaci. A ɓarkewar kwalara ta watan Yunin 2024, jami'an lafiya na jihar Legas sun danganta wasu daga cikin waɗanda suka kamu a Eti-Osa, ƙaramar hukumar da yawancin waɗannan wuraren shaƙatawa suke, da wani kunun aya na kwalba marar rajista.

Kunun aya dama ba ya jure zafi. Ba a dafa shi, yana da zaƙi, awa kaɗan a waje ya fara tsami, kwalba ta kumbura. Wanda bai da tabbacin sanyi tun daga gida har lokacin sha, ya bar shi. Zoɓo ne abokin tafiya, saboda ana tafasa shi kuma tsaminsa yana riƙe shi. Na mutum shida: zoɓo kofi 2, a wanke shi sau biyu don yashi, ruwa lita 4, ɗanyar citta kamar tsawon yatsa biyu a daddaka, kanumfari ƙwaya 10, da ɓawon abarba ɗaya da aka wanke sosai. A tafasa minti 20 zuwa 25, a tace, a sa sukari tun yana da ɗumi domin ya narke, a bari ya huce gaba ɗaya kafin a ɗura. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ƙara ɗanyen ruwa bayan an sauke don ya yi auki, ko a markaɗa ɗanyar abarba ko kokwamba a zuba a ƙarshe. Wannan ne ke sa ya yi kumfa kafin la'asar. In za a daskarar da shi, kada a cika kwalba har baki, a bar kamar yatsa uku, don yana kumbura.

Amma ranar da hadari ya haɗu, iskar teku ta fara kaɗawa, ba wanda zai nemi abu mai sanyi. Fulas ɗin shayi mai citta da na'ana'a, lita 2, ya fi kowace kwalbar lemo amfani a irin wannan rana. A zuba tafasasshen ruwa a fulas ɗin ya yi minti biyar a zubar kafin a zuba shayin, zai riƙe zafi har magariba. Madara a taho da ta gari, a sa a kofi, kada a haɗa a fulas.

Cikin abin da ake sayarwa a can, ruwan kwakwa ne ya fi aminci, muddin a gabanka aka sare ta. A ɗauki koriya mai nauyi. Wadda aka riga aka fere aka jera tun safe a bar ta. A Badagry, inda gonakin kwakwa suke, ta fi arha nesa ba kusa ba fiye da Lekki. Wani abu da mutanenmu da yawa ba su sani ba: Chapman da ake haɗawa a kofi, wanda ake ɗauka lemo ne zalla, bisa al'ada ana ɗiga masa Angostura bitters, kuma wannan yana da giya a ciki. A ce wa mai haɗawa kada ya sa, ko a tsaya a kan maltina da aka buɗe a gabanka.

Abincin da za a taho da shi daga gida, a zaɓi wanda ba ya saurin lalacewa a cikin laima. Dafa-duka da aka soya tumatirinta sosai ta fi soyayyiyar shinkafa mai karas da koren wake daɗewa. Ta biyun takan yi yauƙi kafin azahar ta wuce. Shinkafa derika 2 ta ishi manya shida har da ragi. Alale, kwaɗon kabeji mai mayonis da dafaffen ƙwai su ne suka fi saurin juyawa. Garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, ita ce mafi arha a wannan lokaci, domin daga Mayu zuwa Yuli tumatirin rani na Arewa ya ƙare, kwando ya yi tsada a Mile 12, ita kuwa ba ta buƙatar miya. Dambun nama da burodin Agege ma suna tafiya lafiya. Kilishi da yaji kuwa suna jan danshi: kilishi ya yi laushi ya fara fumfuna, yaji ya dunƙule, don haka a sa su a roba mai murfi, ba a takarda ba. A zuba abinci a kula yana tururi, a rufe, kada a riƙa buɗewa. Abin da ya huce ya zauna a waje fiye da awa biyu, ba na ba wa yaro. A taho da robobin gida da cokula, tunda gwamnatin jihar ta hana farin mazubin soso na takeaway tun watan Janairun 2024.

Abin saye a can shi ne abin da damina ta kawo kuma wuta ke kansa. Gasasshiyar sabuwar masara da ube, wato 'yar'uwar atili da ake gasawa ta yi laushi kamar man shanu, ko da ɓarin kwakwa. Boli, gasasshiyar agada, da gyaɗa. Suna da arha, suna riƙe ciki, kuma a wajen ƙofa, a bakin titi, farashinsu na kowa da kowa ne. A zaɓi masara ɗanya a ce a gasa, kada a karɓi wadda ta kwana a gefen waya ta yi tauri.

Kifi ne inda ake yanka baƙo. Ranar da teku ya yi fushi ƙananan jiragen masunta ba sa fita, saboda haka yawancin kifin kuroka da ake nuna maka a matsayin "na yau" daga ɗakin sanyi ya fito. Ba laifi ba ne a ci shi, laifin a biya shi kuɗin sabo ne. A buɗe kuncinsa a ga ja ne, ido ya fito tar, a danna jikinsa da yatsa ya dawo. A yi ciniki kafin a ɗora shi a wuta, a kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da dankali ko agada, don nan ne rigima ke tashi lokacin biya. Farfesun tarwaɗa ya fi tabbas, tunda da ranta ake nuna ta a bahon ruwa. Jatan lande da kaguwa da aka soya aka tara a faranti ana yawo da su, a damina ban ga dalilin taɓa su ba. Tsire kuma yana da matsalarsa: jiƙaƙƙen gawayi hayaƙi yake yi ba zafi, sai waje ya yi baƙi ciki bai nuna ba. A sa mai nama ya yanka ɗaya a gani, a ce ya mayar kan wuta, albasa da tumatir kuma a yanka sababbi. Mai tsire ɗan gida ne galibi, ana gaisawa da Hausa ciniki ya canza. A sauran rumfuna kuwa, musamman masu asun (gasasshen naman akuya mai barkono) da naman miya, a tambayi wane nama ne da kuma wa ya yanka.

Bakin tekun Tarkwa Bay kuwa sai da jirgin ruwa ake zuwa, daga CMS ko Falomo, kuma ruwanta ya fi kwanciya saboda katangar duwatsun da ta kare ta. Amma duk abin da ake sayarwa a can jirgi ne ya kawo shi, har fiya wata, don haka a nan kula ta fi ko'ina amfani. A sa rigar ceto, a nannaɗe burodi da waya a leda, a kuma kama hanyar dawowa da la'asar. Hukumar sufurin ruwa ta jihar Legas, LASWA, ta hana tafiyar dare, kuma in hadari ya taso masu jirgi suna tsayawa ko su ƙara kuɗi. Na Lekki kuwa, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya cika titin Lekki zuwa Epe, motocin haya na waya su ninka farashi, duk abin da aka tsimi a abinci ya tafi a mota. A duba hasashen hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, da safe, a isa kafin ƙarfe 11, a tashi kafin 4. Daga Agege jirgin ƙasa na Red Line yana kaiwa Oyingbo da katin biyan kuɗin sufuri na Cowry, daga nan a kama mota zuwa CMS ko Obalende.

A sa tabarmar roba a kaya, ta zama da ta salla, don yashi a jiƙe yake. Teku a kudu yake, alƙibla kuma gabas ce da ɗan karkata arewa, wato ruwan zai kasance a hannun damanka. A kuma ajiye ledar ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, guda biyu a jaka. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa kuwa, a ci gaba da ba da ruwan a kan hanya, a nufi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.