Kayan hayar nutso: abin da ido ba ya gani

Shagona yana Bur Sudan, ba nisa da bakin ruwa. Kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso da niyyar aikin hajji, suka iso gaɓar Bahar Maliya, wasu suka haye Jidda ta Sawakin, wasu suka zauna. Mu jikokin waɗanda suka zauna ne. Sana'ata ba da hayar kayan nutso da koyar da masu son shiga ƙarƙashin teku. Ba wani babban kamfani ba ne: silinda 24, ragileta 12, injin dura iska guda ɗaya, sai ni da ɗan yayata da nake koya wa aikin.

Wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Mai nutso yana goya silinda cike da iskar nan da muke shaƙa, an dai matse ta ne. Silinda mai lita 12 ana dura mata iska har ta kai bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), alhali tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗoriya take ɗauka. Wato mutum yana goye da matsin da ya kusa ninka na taya sau ɗari. Ragileta ita ke sauke wannan matsin hawa biyu: kan da ke manne da bawul ya sauke shi zuwa wajen bar 9 ko 10, wanda ke bakin mutum kuma ya daidaita shi da matsin ruwan da yake ciki. Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan ne suka haɗa irin wannan na'ura a Faransa a 1943, kuma Cousteau ɗin ya zo nan ruwanmu: a 1963 ya kafa gidaje a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, mutanensa suka yi wata guda a ciki a zurfin mita 10. Ragowar ginin na nan har yau, murjani ya lulluɓe shi, muna kai baƙi su gani.

Baƙo idan ya zo haya, abin da yake dubawa gilashin fuska da takalman iyo da rigar roba, ko sun tsufa ko launinsu ya koɗe. Ni kuwa waɗannan ba su hana ni barci. Rigar da ta yage sanyi kawai za ta sa ka ji. Abin da ke kisa yana inda mai haya ba shi da ikon leƙawa, ya dogara ne kacokan da amanar mai shago.

Na farko ita kanta iskar. Injina mai amfani da fetur ne, kuma duk wanda ya taɓa jin labarin iyalin da suka kwana da janareta a ɗaki ba su tashi ba, ya san kabon monoksaid. Ba shi da wari, ba shi da launi, kuma jini yana kama shi fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Idan bakin tiyon da injin ke zuƙar iska da shi ya kusanci salansa, ko iska ta juya ta kaɗo hayaƙi, gubar za ta shige silinda a matse ta tare da sauran. A zurfin mita 30 matsi ya ninka na tudu sau huɗu, saboda haka kowane numfashi ninki huɗu na gubar yake kai wa huhu. Abin da zai sa ka ciwon kai a tudu, a can ƙasa sumar da kai zai yi, wanda ya suma a ruwa kuwa ragileta faɗuwa take daga bakinsa. Ƙa'idar Turai ta iskar shaƙa, EN 12021, ba ta yarda ya wuce kashi 5 cikin miliyan ba. Shi ya sa tiyona na ɗaure shi can saman rufi, kuma akwai ƙyalle rataye a jikin sanda da ke nuna mini inda iska ta dosa. Da ƙyallen ya juya, sai a kashe inji.

Wata safiya ɗan yayata ya ce, "Kawu, saura silinda uku kacal, mu ƙarasa mana, jirgi na jira." Na ce masa, "Ɗana, kashe. Jirgi ya jira." Muka yi asarar kusan awa guda, direban jirgin ya yi ta faɗa. Na gwammace faɗansa.

Akwai kuma matatar da ke cikin injin, wadda ke tsane ruwa da tiririn mai daga iskar. Kamfanin da ya ƙera injin ya rubuta awannin da za ta yi, amma lissafin ƙasa mai sanyi ne. Da zafi ya ƙaru, iska tana ɗaukar danshi mai yawa, matata ta cika da wuri. A bazarar Bur Sudan, inda zafi ke haura digiri 40 ga gumin teku, wanda ya bi lissafin kamfanin zai daɗe yana dura wa mutane iska mai ruwa da mai bai sani ba. Ni bayan sallar asuba nake dura, kafin rana ta ɗaga, ina zubar da ruwan da ya taru duk bayan minti 10 zuwa 15, kuma akwai littafi rataye a jikin injin da ake rubuta kowace awa. Kafin silinda ta fita sai na buɗe bawul kaɗan na sansana, na tara farin ƙyalle. In akwai warin mai ko tabo, ba ta fita. Hanci dai ba ya kama kabon monoksaid, wannan sai 'yar na'urar gwaji.

Na biyu cikin silindar. A nan na fi daɗewa da kowane sabon yaro, don daga waje ba a gane komai. Shekarun baya wani mai jirgin yawon buɗe ido zai bar ƙasar, ya sayar mini da silinda takwas na ƙarfe da araha, fentinsu sabo fil. Da na sauke iskar na kwance bawul na zura 'yar fitila, biyu daga ciki akwai ruwa kwance a gindinsu, tsatsa ta ci ramuka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ko an dura su da matatar da ta mutu, ko an bar su babu iska ko kaɗan da bawul a buɗe, danshi ya shiga. A ƙarƙashin matsi oksijin ya yi yawa, tsatsa tana gudu fiye da yadda take yi a waje. Garinta kan toshe bawul ana tsakiyar nutso, in ramin ya yi zurfi kuma silindar ta fashe ana dura ta, kuma wanda ke tsaye a kanta a lokacin yaron shago ne. Waɗannan biyun na huda su da kaina kafin na kai wa 'yan gwangwan, don kada wani ya sake yi musu fenti ya sayar.

Tun daga nan duk shekara sai na leƙa cikin kowace silinda, duk shekara 5 kuma a yi mata gwajin ruwa. Ana cika ta da ruwa ne a matsa shi ya wuce matsin aikinta da rabi ko fiye, a auna yadda ta buɗe da yadda ta koma. Da ruwa ake yi saboda ba ya matsuwa kamar iska, ko ta tsage ba za ta tashi da ɗakin ba. In ta ci, a buga wata da shekara a kafaɗarta. Wannan tambarin kowa yana iya karantawa, kuma ina son mai haya ya duba shi a gabana.

Na alminiyam ma suna da nasu ciwon. Waɗanda aka yi da haɗin da ake kira 6351, irin wanda kamfanin Luxfer ya daina amfani da shi a Amurka a 1988, sukan tsage a wuya a hankali saboda daɗewa cikin matsi. Har yanzu suna yawo a kasuwar kwance. Haka nan bawul: haƙorin murɗi na M25 da na inci uku bisa huɗu sun yi kama ƙwarai, har bawul ɗin wani ya shiga wuyan wani kamar ya zauna, sai an dura iska ya fita kamar harsashi. An yi asarar rayuka a kan wannan. A wuri irin namu da kaya ke zuwa daga Italiya da Masar da Saudiyya a gauraye, ba na ɗaura bawul sai na karanta abin da aka buga a jikinsa da jikin silindar.

Ragileta kuwa gishiri ne abokin gabarta. Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita, alhali matsakaicin teku 35 ne. In ruwan ya bushe sai ya bar ƙanƙarar gishiri a kowane lungu. Wurin da na fi tsoro shi ne maɓallin hura falmaran, rigar nan mara hannu da mai nutso ke sa wa iska ko ya rage don ya daidaita a ruwa. In gishiri ya maƙale shi a buɗe, falmaran za ta yi ta cika ta cillo mutum sama, alhali tashi bai kamata ya wuce kamar mita 9 ko 10 a minti ba. Shi ya sa duk dawowa sai an jiƙa kaya a ruwan daɗi, ko da sayen ruwan muke yi a jarka, kuma kowane ɗalibi sai ya iya cire tiyon falmaran da hannu ɗaya kafin na bar shi ya wuce ruwa mara zurfi. Kwance ragileta a canza mata robobi da mazaunin bawul kuwa duk shekara ne, ko bayan nutso 100, wanda ya riga zuwa. Kayan haya sukan cike ɗarin nan cikin 'yan watanni.

Wani ra'ayi da nake ji a bakin wasu masu shago shi ne a ba ɗalibai tsofaffin kaya, tunda ba su wuce mita 18 kuma su ne masu jan ragileta a yashi da tauna robar baki. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Gwani in ragileta ta fara zubar da iska ya san abin yi, zai karɓi ta abokinsa su tashi a natse. Sabon shiga kuwa ɗigon ruwa a maƙogwaro ya isa ya firgita shi ya riƙe numfashi ya yi sama, huhu ya kumbura ya yage, ko da daga mita uku ko huɗu ne. Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma gaskiya ce a nan: falmaran da ta yi wa mutum yawa tana hawa wuyansa, gilashin da bai zauna a fuska ba yana ɗibar ruwa. Gara na ce wa ɗalibi ba ni da daidai jikinsa ya dawo jibi.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 baƙi suka ɗauke ƙafa. Sanganeb, tsibirin murjani a tekunmu da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, da jirgin Umbria na Italiya da ma'aikatansa suka nutsar a 1940 da lodin bama-bamai a cikinsa, duk suna nan, masu zuwa ne babu. A nan na ga wani abin da ban lura da shi sosai ba lokacin da kasuwa ke ci: kayan da aka ajiye ma lalacewa suke. Zoben roba ya bushe ya tsattsage, giris ya daskare, mazaunin bawul ya yi gurbi saboda daɗewa a danne, tiyo ya yi fes a waje alhali cikinsa ya fara marmashewa da zafi. Kayan gyara kuma sai wani mai zuwa daga Jidda ko Alƙahira ya riƙo maka.

Don haka na rage abin da nake bayarwa. Silindun ƙarfe suna tsaye, gindi a ƙasa inda ƙarfen ya fi kauri, kowace da 'yar iska a ciki don kada danshi ya shiga. Cikin ragileta 12, biyar na samu kayan gyaransu, su kaɗai ke fita. Sauran bakwai na ɗaura musu jan zare na kulle a akwati. A watan jiya wasu ma'aikatan tashar jiragen ruwa su shida suka zo neman haya don duba ƙasan wani kwalekwale, na ba su biyar ɗin. Babbansu ya nuna akwatin ya ce, "Malam, ga wasu can, ai awa ɗaya ce kawai." Na buɗe, na ciro ɗaya, na zare zoben robar na lanƙwasa a gabansa, ya karye gida biyu. Na shidansu ya zauna a kan jirgi yana riƙe musu igiya.